Tunisiya: Rikicin Gabes da ƙwayar da ke cikin tukunyar taki

A ranar 21 ga watan Oktoban shekara ta 2025, harkoki sun tsaya cik a birnin Gabes da ke kudu maso gabashin Tunisiya. An rufe kasuwanni da makarantu da shaguna, bayan da reshen babbar ƙungiyar ƙwadagon ƙasar, wato UGTT, ya kira yajin aikin gama-gari, dubban mutane kuma suka fantsama kan tituna.

Buƙatarsu guda ce: a rushe sassan masana'antar sarrafa fosfat ta gwamnati da ke bakin teku, wadda ta fara aiki tun a shekara ta 1972.

Abin da ya tunzura jama'a a wannan karon shi ne tsiyayar iskar gas da ta sa aka riƙa kwasar mutane zuwa asibiti, ciki har da 'yan makaranta. Sai dai kuma kokensu ya girmi wannan. Shekara da shekaru ke nan masana'antar tana tuttula wani irin taɓo a cikin Bahar Rum, wanda aka ƙiyasta cewa ya kai tan dubu 14 a kowace rana. Masunta na cewa kifi ya ƙaurace wa gaɓar. A shekara ta 2017 gwamnati ta yi alkawarin kawo ƙarshen zubar da taɓon tare da ɗauke sassan masana'antar, amma alkawarin bai cika ba.

Wannan taɓo sunansa jibsam. Kuma duk wanda ke son fahimtar abin da ya sa ya gagari gwamnatoci, daga Tunisiya har Amurka, sai ya leƙa cikin tukunyar da ake haifar sa. A can ne ake yanke hukunci kan yawan takin da za a samu, da kuɗin da zai ci, da kuma irin dattin da za a bar wa maƙwabta.

Asalin taɓon

Tsiro yana buƙatar sinadarin fosforas domin saiwa da fure da ƙwaya. Ana samun sinadarin ne a cikin wani dutse da ake haƙowa, amma a yadda yake a dutsen ba ya narkewa da sauri, saboda yana ɗaure tamau da sinadarin kalsiyam.

Tun a shekara ta 1842 wani Bature ɗan Ingila, John Bennet Lawes, ya yi rajistar dabarar kwance wannan ɗauri ta hanyar jiƙa fosfat da asid ɗin farar wuta, wato irin asid ɗin da ke cikin ruwan batir. Daga nan ne takin supa da manoman gyaɗa suka sani ya samo asali. A takin supa ba a raba komai, jibsam ɗin da ya samu yana tafiya gona tare da takin.

Takin fosfat da duniya ta fi ciniki a yau, irin su DAP, ya fi supa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ya yiwuwa sai an fara samar da ruwan asid ɗin fosfat zalla. Don haka ake niƙa dutsen, a zuba shi a manyan tankuna masu mabuɗa, a sa masa asid ɗin farar wuta mai yawa. Farar wutar sai ta kama kalsiyam su zama jibsam, su faɗo a matsayin ƙananan ƙwayoyi kamar na gishiri, fosfat kuma ya saura a cikin ruwa. Abin da ya rage shi ne a tace, a raba ruwan da tukar.

Lissafin bai da daɗin ji. Domin samun tan ɗaya na tsantsar fosfat, a ma'aunin P2O5 da masana'antun ke aiki da shi, ana cinye sama da tan 3 na dutse da kusan tan 3 na asid, sannan a bar kimanin tan 5 na jibsam. Wato idan aka bi nauyi, masana'antar jibsam take yi, asid ɗin kuwa ɗan rakiya ne. A faɗin duniya tulin yana ƙaruwa da fiye da tan miliyan 200 a kowace shekara.

Haihuwa da girma

Duk macen da ta taɓa tace gasara ta san cewa tsakin da ya yi gari-gari yana sakin ruwa nan da nan, wanda ya yi laushi kamar laka kuwa sai ya toshe ƙyallen. Haka lamarin yake a masana'antar da ta ci biliyoyin daloli. Idan ƙwayoyin jibsam suka fito manya-manya, masu kauri, kusan kai ɗaya, asid yana ratsa su kamar yadda ruwa ke ratsa yashi. Idan kuwa suka fito ƙanana, ko sirara kamar allura, ko falan-falan kamar ɓawon albasa, sai su danƙare a kan matacin, su riƙe asid ɗin a tsakaninsu.

Abin da ke tantance wace iri za a samu shi ne tseren da ake yi tsakanin abubuwa biyu. Na farko haihuwar sababbin ƙwayoyi, na biyu kuma girman waɗanda aka riga aka haifa.

Kowane ruwa yana da iyakar jibsam ɗin da zai iya riƙewa a narke. Idan aka ɗan zarce iyakar kaɗan, rarar sai ta riƙa hawa a hankali kan ƙwayoyin da ke yawo a cikin tankin, su yi ta kauri. Akwai ma wani ɗan lokaci na jinkiri da ruwan ke yi kafin ya fara haifar sababbi, kuma masu bincike suna auna wannan jinkiri a ɗakunan gwaji domin sanin inda haɗari yake. Amma da zarar an zarce iyakar da yawa, jinkirin sai ya gajarce, ruwan ya yi ɓarin miliyoyin jarirai a lokaci guda. Abincin da zai ishi ƙwaya ɗaya ta girma sai ya kasu ga dubu, babu wadda za ta kai ko'ina.

Ana iya ganin ƙarshen wannan ƙa'ida a wani kogo da ke Naica a ƙasar Meziko, wanda masu haƙar ma'adinai suka gano a shekara ta 2000. A ciki akwai ƙwayoyin jibsam da tsawonsu ya haura mita 10. Sun kai haka ne saboda sun shafe dubban ɗaruruwan shekaru a cikin ruwan ɗumi wanda bai wuce iyakar ba sai da ɗan ƙiris, don haka haihuwa ta yi ƙaranci, girma ya samu fili.

Mai masana'anta ba shi da wannan lokaci. Sa'o'i kaɗan ne kawai kunun ke yi a cikin tanki kafin a tura shi matata. Saboda haka duk tsarin ginin an yi shi ne domin a yaudari sinadaran su yi abin da ba su saba yi da gaggawa ba. Ana juyo kunun da ya riga ya nuna a mayar da shi farkon layi, ninki-ba-ninki, ta yadda duk ɗigon asid da ya shigo zai tarar da ɗimbin tsofaffin ƙwayoyi suna jiran sa. Ana burga shi da ƙarfi domin kada asid ya taru a wuri ɗaya, amma ba ƙarfin da zai farfasa ƙwayoyin ba, domin kowane ɓarɓashi sabon jariri ne. Ana kuma sanyaya shi ba dare ba rana, saboda haɗuwar sinadaran tana fitar da zafi mai tsanani.

Gaba kura, baya sayaki

Babban abin da ke hana injiniyoyin barci shi ne ragowar farar wutar da ke yawo a cikin kunun. Galibi ana riƙe ta ne a wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, gwargwadon irin dutsen.

Idan ta yi yawa, jibsam yana samuwa da saurin da zai lulluɓe tsakin dutsen tun kafin ya gama narkewa. Tsakin sai ya zama kamar an yi masa sulke, asid ba ya iya isa gare shi, a ƙarshe a zubar da shi da fosfat ɗinsa a ciki.

Idan kuma ta yi kaɗan, wata asarar ce daban. Wani nau'i na fosfat ya yi kama da farar wutar a girma da siffa, har ƙwayar da ke girma takan ɗauke shi ta gina a jikinta a maimakon farar wuta. Wanda ya shiga nan kuwa, ko da ruwan kogi aka wanke tukar ba zai fita ba. Bugu da ƙari ƙwayoyin sukan fito falan-falan, masu wuyar tacewa.

Asara ta uku a matata take, wato asid ɗin da ya maƙale tsakanin ƙwayoyi. Ana iya rage ta da ƙarin ruwan wanki, sai dai ruwan yana tsinka asid ɗin, sannan a dawo a kashe kuɗin tururi wajen ƙafar da shi.

Kada mai karatu ya raina waɗannan alƙaluma. A ɗauki misalin masana'antar da ke samar da tan miliyan ɗaya na tsantsar fosfat a shekara. Asarar kashi 1 cikin ɗari kacal tana nufin tan dubu 10. Tun da takin DAP yana ɗauke da kashi 46 cikin ɗari na sinadarin, wannan ya kai kusan buhu dubu 435 masu nauyin kilo 50. Kuma duk fosfat ɗin da ya ɓace bai ɓace ba, yana nan a cikin taɓon, inda yake ƙara masa tsami, idan ya shiga ruwa kuma ya zama abincin gansakuka da ke shaƙe kifi. Asarar mai masana'anta da kukan masunci daga tushe ɗaya suke.

Wani abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne babu duwatsu biyu da suke ɗaya. Dutsen Gafsa na Tunisiya daban yake da na Khouribga a Maroko, ko na Fulorida, ko na yankin Kola a Rasha. Sinadarin magniziyam yana sa asid ya yi kauri, tacewa ta yi nauyi. Alminiyam da fulorin suna sauya siffar ƙwaya. Ragowar halittun da suka ruɓe a cikin dutsen suna kawo kumfa. Da yake ma'adinai masu kyau suna raguwa a wurare da dama, ana komawa ga duwatsu masu datti, aikin riƙe ƙwayar yana ƙara wuya. Shi ya sa kamfanoni ke gwada sinadarai irin dangin sabulu da ake ɗigawa a tanki domin ƙwayoyin su yi kauri ko su dunƙule.

Hanyoyi uku

Jibsam yana da fuska fiye da ɗaya, kuma zafi da ƙarfin asid ne ke zaɓar wadda zai fito da ita.

A zafin digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin salshiyos, ƙwayar tana fitowa ne ɗauke da cikakken ruwanta. Wannan ita ce hanyar da akasarin masana'antun duniya suke bi, saboda tana da sauƙin sarrafawa kuma tana haƙuri da dutse mai datti. Aibinta shi ne asid ɗin yana fitowa da rauni, wajen kashi 26 zuwa 30 cikin ɗari, alhali wanda ake ciniki a kasuwa kashi 52 zuwa 54 ne. Tana kuma ceto kimanin kashi 94 zuwa 96 cikin ɗari ne na fosfat ɗin da ke cikin dutsen.

Idan aka ɗaga zafin zuwa wajen digiri 100, sai a samu nau'in da ruwansa kaɗan ne. Wannan shi ne ainihin hodar POP da magina ke yin silin da ita, likitoci kuma suke ɗaure karaya. Ta wannan hanya asid yana fitowa da ƙarfin da ya haura kashi 40 cikin ɗari, don haka ana samun sauƙin makamashi. To amma duk wanda ya ga yadda POP ke sandarewa da zarar ya sha ruwa zai gane matsalar. Idan kunun ya huce ko ya gamu da ruwan wanki ba bisa ƙa'ida ba, yana iya daskarewa a cikin bututu da matata. Asarar fosfat ma ta fi yawa.

Hanya ta uku ita ce a haɗa biyun. A fara haifar ƙwayar da fuska ɗaya, sannan a sauya yanayin tankin ta narke ta sake haihuwa da ɗaya fuskar. A lokacin narkewar, fosfat ɗin da aka gina a jikinta yana samun mafita. Ta haka ana ceto kashi 98 cikin ɗari ko fiye, jibsam ɗin kuma ya fito da tsabtar da za a iya sayarwa.

Ba abin mamaki ba ne da Japan ta kasance kan gaba a wannan fanni. Ƙasar ba ta da wadataccen jibsam na haƙa, tana kuma buƙatar sa domin siminti da allunan bango, don haka kamfanoni irin su Nissan Chemical da Central Glass suka ɗauki tukar a matsayin haja. Kamfanin Central Glass ya haɗa gwiwa da Prayon na ƙasar Beljiyam suka fitar da tasu dabarar. Shi kuwa Prayon, wanda fasaharsa ke aiki a masana'antu da dama a duniya, rabin hannun jarinsa na kamfanin fosfat na gwamnatin Maroko ne, wato OCP.

Wannan ya nuna cewa Maroko, wadda ke da kusan kashi 70 cikin ɗari na fosfat ɗin da aka tabbatar a duniya, ta daɗe da gane cewa mallakar dutse kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sanin tukunya. A shekara ta 2014 ta buɗe bututu mai tsawon kilomita 187 da ke kai dutsen a matsayin kunu daga Khouribga zuwa masana'antar Jorf Lasfar a gaɓar Atlantika.

A nan ne batun ya taɓo manomin Najeriya. Bayan ziyarar da Sarki Muhammad na Shida ya kai Abuja a watan Disamban 2016, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta fara shirin samar da taki wanda a ƙarƙashinsa aka riƙa shigo da DAP daga Maroko, ana haɗa shi da yuriya da sauran kayan haɗi a yi takin kamfa, aka kuma sa farashin buhu a kan Naira 5,500 a lokacin. Fosfat ɗin da ke cikin irin wannan buhu ya ratsa ta matatar da ake magana a kai. Farashinsa kuwa a kasuwar duniya ake yanke shi. Bayan da ƙasar Sin ta taƙaita fitar da takin fosfat a ƙarshen 2021, sannan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, tan ɗaya na DAP ya haura dala 900 a watan Afrilun 2022.

Abin da ƙwaya ba ta iya warwarewa

Zai zama kuskure a ɗauka cewa gyaran tukunya zai share hawayen mutanen Gabes. Da farko dai, iskar gas da ta shaƙe yara ba daga jibsam take ba. Na biyu, komai kyan ƙwaya, tan biyar ɗin nan yana nan. Na uku kuma akwai dattin da sake haihuwa ba ya kawarwa gaba ɗaya.

Duwatsun da suka samu a ƙarƙashin tsofaffin tekuna suna ɗauke da ɗan yuraniyam. A cikin tanki, akasarin yuraniyam da kadmiyam suna bin asid, amma sinadarin radiyam, wanda ɗabi'arsa ta yi kama da ta kalsiyam, yana bin jibsam, kuma shi ke fitar da iskar radon mai haddasa sankarar huhu. Duwatsun da suka samu daga narkakken dutsen cikin ƙasa, irin na Kola, suna da ƙarancin wannan matsala.

Saboda radiyam ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da umarni a shekara ta 1989 cewa a riƙa tara jibsam ɗin a wuri ɗaya maimakon a yi amfani da shi. A yau jihar Fulorida, wadda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tana da tsaunuka sama da 20 na wannan tuka, masu nauyin kusan tan biliyan ɗaya, da tafkunan ruwa mai tsami a bisansu. A shekara ta 2016 ƙasa ta rufta a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu a masana'antar New Wales, ruwan ya zurara cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. A shekara ta 2021 kuma, bangon wani tafki a Piney Point ya fara tsiyaya, hukumomi suka kwashe mazauna yankin, aka saki galan miliyan 215 na gurɓataccen ruwa zuwa mashigin tekun Tampa domin kada bangon ya fashe.

Wato tarawa a tudu, wadda ake gabatarwa a matsayin madadin zubarwa a teku, ita ma tana da nata haɗarin. Maroko ta shafe shekaru tana zuba nata a Atlantika, inda igiyar ruwa ke da ƙarfi. Mashigin Gabes kuwa ba shi da zurfi, taɓon yana kwanciya a ƙasa ya binne ciyawar teku da kifi ke hayayyafa a cikinta.

Akwai ƙasashen da suka bi wata hanyar. A Burazil manoma suna watsa jibsam ɗin a gonakin yankin Cerrado domin gyara ƙasa mai tsami, saiwa ta samu nutsewa. A lardin Guizhou na ƙasar Sin, tun daga 2018 hukumomi suka ɗaure yawan abin da masana'anta za ta sarrafa da yawan tukar da ta iya samar wa amfani. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ma ta fitar da wani rahoto a 2013 da ya karkata ga amfani da shi a ƙarƙashin sa ido. Amurka kanta ta amince a watan Disamban 2024 a gwada shi a ginin wata gajeriyar hanya a cikin harabar New Wales.

Amma a duk inda aka yi nasara, sharaɗin ɗaya ne. Mai yin siminti ba ya son jibsam mai ragowar fosfat da fulorin, domin suna jinkirta kamawar siminti. Mai yin allon bango yana duba siffar ƙwayar da danshinta. Wannan ya sake mayar da magana cikin tanki. Tsohuwar masana'antar da aka gina domin ta tace ta zubar ba za ta wayi gari tana fitar da haja ba, sai an zuba mata jari mai yawa.

Jarin kuwa shi ne abin da Tunisiya ba ta da shi. A shekara ta 2010 ƙasar ta haƙo sama da tan miliyan 8 na fosfat, amma bayan juyin juya halin 2011 yajin aiki da toshe hanyoyi a yankin Gafsa suka rage shi zuwa ƙasa da rabi. Gwamnatin Shugaba Kais Saied, wadda bashi ya yi wa katutu, tana kallon fosfat a matsayin ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin samun kuɗin waje da suka rage mata. Shugaban da kansa ya yi tir da abin da aka yi wa muhallin Gabes, yana ɗora laifin a kan gwamnatocin baya.

Sai dai a watan Maris na 2025, watanni bakwai kafin yajin aikin, gwamnatin tasa ta amince da cire jibsam ɗin masana'anta daga jerin shara mai haɗari, ta kuma bayyana burin kai haƙar fosfat zuwa tan miliyan 14 a shekara nan da 2030. Kowane tan ɗaya na dutse da ya shiga tanki yana barin kimanin tan ɗaya da rabi na jibsam. Idan aka cim ma burin, aka kuma sarrafa dutsen duka a cikin gida, Tunisiya za ta riƙa neman inda za ta kai sama da tan miliyan 20 na tuka a kowace shekara, wato kusan ninki huɗu na abin da ake zubawa a gaɓar Gabes.